Matar da Ta Hana a Goge Bidiyon Kafinta

Duk wanda ya taɓa hawa benen ofishin lauyoyin nan masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, ya san ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Taga ɗaya gare shi, ita ma kullum da labule. A nan matar da ake kira Sai-Na-Gani take zama, kuma a ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli ta koma gida ta huta, bayan ta tsufa a kan aikin da yawancin mutane ba su ma san akwai shi ba. In ka tambayi masinjan ofishin sunanta na gaskiya, sai ya yi ta sosa ƙeya. Shi kansa Barista, shugaban wurin, da wannan laƙabin yake kiranta, sai dai yakan sa Anti a gaba saboda girmamawa.

Tana riga kowa zuwa. Ba ta zama sai ta duba kwaɗon kabad ɗinta, ta juya shi ta ga ko yana yadda ta bar shi jiya. Sannan ta kunna kwamfuta, ta kunna 'yar rediyonta, ta jira a faɗi lokaci ta gwada da agogon kwamfutar. In suka saɓa ko da kaɗan ne, ba za ta taɓa komai ba sai ta gyara. Na taɓa tambayarta dalili, ta dube ni ta saman tabarau kamar na zo leƙen asiri, ta ce agogon da ya yi ƙarya da safe, da rana lauya zai kama shi, kuma ba agogon ne zai sha kunya ba. Sai bayan wannan take amsa gaisuwa. Mai shara ta ce ita ta daina asarar ina kwananta, takan jira sai ta ji an kashe rediyo.

Aikinta a faɗe ba wuya. Mutum ya ɗora bidiyo a intanet yana yi wa wani barazana, ko yana yi masa ƙazafi, ko ya ɗauki wata ta'asa da aka yi a gaban idonsa. Yau yana nan, gobe an goge, jibi a kotu kowa ya rantse bai san zancen ba. Ita ce take kama bidiyon tun yana nan, ta adana shi yadda alƙali zai yarda cewa shi ne, ba a ƙara ba a rage ba. Ba da wannan ta fara ba. Da tafireta aka ɗauke ta, tana buga takardun ƙara, har zamani ya juya mutane suka fara shigowa da shaidarsu a cikin wayar hannu. A gabanta shari'ar wata mata ta rushe, saboda bidiyon da matar ta dogara da shi ya ɓace ana gab da zama. Daga nan ta shiga koyo, tana zuwa bita, tana tambayar duk wanda ya sani, kuma duk abin da aka koya mata sai ta dawo ta gwada da kanta, don su ma malaman ba ta gama yarda da su ba.

Halin nan nata bai tsaya a ofis ba. Maigidanta, mutum mai raha, ya gaya mini ran da aka turo hoton jikansu na fari kowa yana ta barka, ita kuwa tambaya take wa ya ɗauka, kuma me ya sa zanen gadon bai yi kama da na asibiti ba. Dangin mijin sun taɓa cire ta daga zauren hirarsu na waya, don duk bidiyon da aka turo sai ta ce ina farkonsa, wa ya fara ɗora shi. Wata ƙanwar mijin ta gaji ta ce mata zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta tsayawa a kan zato, takan bincika. Ba zan ɓoye muku ba, zama da ita sai haƙuri. Akwai waɗanda ta ɓata wa rai ba su ji ba ba su gani ba, kuma ban taɓa jin ta yi saurin ba da haƙuri ba. Ko masu kawo ƙara ofishinsu ba ta ɗaga musu ƙafa. An yi wani da ya zo yana kuka an zalunce shi, ta nemo cikakken bidiyon, sai ga shi shi ne ya fara ɗaukar sanda, ta kai wa Barista ta ajiye masa a tebur. Amma labarin kafinta nake so in ba ku, kamar yadda na ji shi a bakin Barista da masinja da matar kafintan kanta.

An ɗauki kafintan ne ya yi ɗan bene na katako a cikin wani babban kanti, inda za a riƙa jibge kaya a sama. Mai kanti ya kawo katako mara ƙwari ya ce a yi da shi. Kafinta ya ƙi, magana ta yi zafi, har ya faɗa a gaban masu sayayya cewa in aka ɗora kaya a kan wannan katakon sai ya kashe mutum. Abin da ya biyo baya gari duka ya gani a waya: kafinta durƙushe a ƙofar kanti, riga a yage, katan ɗin turare a kansa, masu gadi na jibgarsa, jama'a na ihun ɓarawo. A nan aka karya masa hannun dama. Daga asibiti aka wuce da shi wurin 'yan sanda, mai kanti ya shigar da ƙarar sata, ya ce an kama shi yana fita da katan. Da ƙyar aka samu belinsa. In kotu ta yarda da mai kanti, kafinta zai tafi gidan yari da sunan ɓarawo, kuma ko ya fito ba mai sake barinsa ya shiga masa gida da guduma.

Matarsa ce ta hawo benen, ita da ƙanin mijin. Barista ya saurare su, ya ce su biyo shi ɗakin ƙarshe. Matar ta miƙa wayarta.

"Ga shi nan, Anti. Kowa ma yana da shi. Ni dai ba na iya kallo."

Sai-Na-Gani ta kalla har ƙarshe, ba ta ce ko Allah sarki ba. Ta mayar farko ta sake kallo. Matar ta ce abin da ya fara ba ta haushi ke nan, a ce mace ta maimaita kallon dukan mijinta fuska ko gezau.

"Wa ya turo miki?"

"Maƙwabciyata."

"Ita kuma wa ya turo mata?"

"To wa ya sani, Anti? Yawo yake yi."

"Wannan guntu ne. An yanke kansa, an yanke gindinsa. Daga farawarsa katan yana kan mijinki. In na kai wa alƙali wannan, shaidar mai kanti na kai masa da hannuna." Ta juya ta dubi ƙanin. "Kai, yayanka ya ɗauki katan ɗin nan ko bai ɗauka ba?"

Ƙanin ya miƙe tsaye, ya ce su taimako suka zo nema ba cin mutunci ba. Barista ya dafa shi ya zaunar. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce ba ta san kafinta ba, ba ta san mai kanti ba, kuma ta sha ganin mai kukan gaskiya da mai kukan ƙarya, hawayen iri ɗaya ne. In ta nemo cikakken bidiyon, abin da ke ciki shi za ta kawo, ya yi musu daɗi ko kada ya yi. In sun yarda a ci gaba, in ba su yarda ba ƙofa a buɗe take.

Matar ta ce, "Nemo, Anti. Na san wanda nake aure."

A kusurwar guntun bidiyon akwai wata 'yar alama da ba a yanke duka ba, irin wadda ke fitowa idan ana watsa abu kai-tsaye. Ita ta bi. Ta shiga shafin kantin, ba da sunanta ba, ba kuma da sunan ofis ba, ta yi ta gangarawa cikin tallan takalma da tukwane, har ta tarar da wani dogon bidiyo na ranar da abin ya faru. Ɗan mai kanti ne yake tallan sababbin kaya kai-tsaye, yana ɗaga wannan yana yabon wancan. Ba mai zama ya kalli irin wannan har tsakiya sai mai neman wani abu. Daga can cikinsa ne wani ya gutsuro abin da ya zaga gari. Uwar bidiyon tana nan kwance a shafinsu, su kansu sun manta da ita.

Ba ta kai ga kunna shi sosai ba, sai ta lura ƙanin yana ta danne-danne a waya.

"Me kake rubutawa?"

"'Yan'uwa nake gaya wa an samo asalin. Dama tun shekaranjiya muke bin duk inda aka sa shi muna kai ƙorafi a cire. Mun ma sa an cire da yawa."

"Ka tura?"

"Yanzu dai zan tura."

"Ajiye wayar nan a kan tebur. Kife ta." Masinja ya ce bai taɓa jin muryarta da irin wannan kaifin ba. "Wa kuma ya san kun zo nan? Da wa kuka yi shawara? Kada ku rage mini kowa."

A nan maganar Kawu ta fito. Kawun kafinta, dattijon da ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya tara wasu manya, kuma bayan la'asar ɗin ranar za su je gidan mai kanti. Ba faɗa zai kai su ba. Roƙo za su je, a dubi girman Allah a sa ɗan mai kanti, da aka gani riƙe da waya ranar, ya goge duk abin da ya ɗauka, a rufa wa bawan Allah asiri, sauran magana a bar wa kotu. Abin da duk ɗan mutunci zai yi ke nan, kuma da ni ne Kawu da haka zan yi. Matar kafinta ta daina zuwa kasuwa, 'ya'yansa sun ƙi makaranta, tsohuwar da ta haife shi a bakin 'yan jaje ta ji labari. Wanda aka tozarta a titi, mayafi 'yan'uwansa ke fara nema masa. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa da zarar dattawa sun yi sallama sun ambaci bidiyo, mai kanti zai tuna da shi, ya kalla, ya goge da murnarsa, har a bi shi da godiya.

Aka kira Kawu a waya. Ya ce ba a waya ake irin wannan magana ba, ya hawo benen da kansa yana haki, yana dogara sanda.

"Ke ce kika ce kada a rufa wa ɗana asiri?"

"Ni ce, Baba. Sannu da hawa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Baiwar Allah, kina da 'ya'ya kuwa?"

"Ina da su."

"In aka yi wa naki haka, sai ki bar shi a waya duniya na kallo?"

"Sai in bar shi, Baba, har sai na kama shi tukuna. Ban ce kada ku je ba. Cewa na yi kada ku je yau."

Kawu ya dube ta, ya dubi labulen da ke sake, ya dubi kabad mai kwaɗo. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Mai kantin nan hannunsa da tsawo. Wa ya sani ko har nan ya kawo?"

An sha yi mata irin wannan zargin, amma masinja ya ce na ranar ya shige ta, don sai da ta cire tabarau ta goge. Sannan ta ce, "Kana da gaskiya, Baba. Ni ma da ni ce kai haka zan zata. To zauna nan kusa da ni, ka ga duk abin da hannuna zai taɓa. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tsayar da ni ka tambaya."

Da haka ta riƙe shi. Dattawa suna can suna jira a inda aka yi alkawari, Kawu yana nan kan kujerar roba yana gadinta. Ta kunna wata manhaja mai ɗaukar duk abin da ke faruwa a allon kwamfuta. Ta fara nuna agogo da kwanan wata, ta buga adireshin shafin da hannunta, ta nuna sunan kantin da hotonsa da ranar da aka watsa bidiyon, har da maganganun da mutane suka rubuta a ƙasa. Sannan ta kunna shi daga farko ta bar shi yana tafiya. Kawu ya gaji da tallan tukwane, ya ce a tura gaba a kai wurin. Ta ce ba a tsallake ko numfashi, don duk inda ka tsallake nan lauyan can zai ce ka ɓoye wani abu. Intanet ɗin ofis kuwa, kamar ya san ana sauri, sai ya koma tafiyar jaki mai kaya. Duk tsayawar da ya yi sai ƙanin ya ce shi ke nan, sun goge.

Sai hayaniya ta tashi a bayan mai talla, ya juya wayar ya bi ta da gudu. Aka ji muryar kafinta yana maganar katako. Aka ga mai gadi ya cakumi wuyan rigarsa. Aka ga kafinta ya ɗaga hannu ya sharara wa mai gadin mari, har sai da ƙarar ta cika ɗakin. Matar ta toshe baki. Daga nan duka ya fara, aka ja shi ƙofa, mutanen titi suka fara taruwa suna tambayar me ya yi. A daidai nan, dab da wayar, sai ga muryar mai kanti tar, yana cewa, "Kai, jeka ɗauko katan ɗaya a ciki ka ɗora masa a ka." Aka ga wani ma'aikacin kantin ya shiga ya fito da katan. Bayan nan ne aka fara ihun ɓarawo.

Kawu ya kwantar da sandarsa a ƙasa. Ya kalla har bidiyon ya ƙare, da dukan, da karayar hannun, da kukan da kafinta ya riƙa yi yana kiran Inna. Sai-Na-Gani ba ta ɗaga kai ba. Ta sauke uwar bidiyon, ta sa kwamfuta ta fitar mata da abin da take kira zanen yatsa, wato wani dogon jerin lambobi da haruffa wanda ko ƙiftawar ido aka cire daga bidiyon sai ya canza gaba ɗaya. Ta kwafa a faifai, ta liƙe a ambulan, ta sa Barista ya sa hannu a bakin liƙin, sannan ta miƙa wa Kawu biro.

"Har da ni?"

"Kai ka gani da idonka, Baba."

Kawu ya aika wa dattawa cewa an fasa tafiya. Duk da haka, washegari da safe bidiyon ya ɓace daga shafin kantin. Har yau ba a san wanda ya kai tsegumi ba. Ita dai tana da waɗanda take zargi, kuma masinja ya rantse mini har da shi a ciki, don tun daga ranar in ya shigo da takarda sai ta kife wadda ke hannunta.

Ba a jima ba matar kafinta ta dawo ita kaɗai. Ta tura ƙofa, ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, ke mace ce 'yar'uwata, shi ya sa na zo ba da sanin kowa ba. Marin nan, a cire shi kada ya ja masa. Da wurin da yake kuka. Mutumin nan tun da na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba. Yanzu ba ya haɗa ido da 'ya'yansa, abinci ma a ɗaki yake ci. In aka kunna wannan a gaban mutane yana tsaye, ko an sake shi ba shi zan mayar gida ba."

Ke ce, Anti, kika ɗago ta daga ƙasa, kika zaunar da ita, kika ce mata a'a. Na tambaye ki ko kin yi tunanin yarda, kika ce tunani kam kin yi, har abinci ya ƙi shiga ranar. Yanke wurin nan ba zai ɗauke ki lokacin shan ruwa ba. Amma kin san mai kanti ya kalli bidiyon kafin ya goge, ya san da marin, kuma babban burinsa a kawo shi kotu babu marin, don a ce wanda ya cire mari shi ya saka murya. Kika gaya mata haka a bushe, ba ki shafa wa maganar zuma ba. Ta tashi ta ce Allah ya isa tsakaninta da mara tausayi. Kika bar ta ta sauka da wannan a ranta. Ni dai na so a ce kin bi ta, amma ke ba ki iya lallashi ba, kuma ba ki taɓa yin kamar kin iya ba. Kwaɗon da roƙo ba ya buɗe shi, ranar nan kin ba ni haushi, kin kuma ba ni tausayi.

Ranar zama, abin da ta hango shi ya faru. Lauyan mai kanti, mutumin da ya san aikinsa, ya tsayar da ita ya yi ta juya ta. Me ya sa ta shiga shafin ba da sunanta ba? Ina bidiyon yake yanzu a intanet, in da gaske ya taɓa zama a can? A zamanin nan da ake ƙirƙirar muryar mutum da kwamfuta, wa ya ce ba ita ta haɗa ba? Barista ya ce ita kaɗai ya taɓa gani ana zarginta tana gyaɗa kai, kamar ana faɗin abin da ke ranta. Ta ce wa mai shari'a tambayoyin nan duk a kan hanya suke, kada ya yarda da bakinta, ya sa masanin da kotu ta amince da shi ya buɗe ambulan ya duba. Aka ɗage zama, masanin ya duba, ya dawo ya ce zanen yatsan bai canza ba, kuma ba alamar an taɓa muryar. Kawu ma ya tsaya ya shaida cewa a gabansa aka ɗauko bidiyon daga shafin kantin. Ya ƙara da cewa shi fa ba don ya yarda da matar nan ya zauna ba, kama ta ya zauna yi.

Da aka zo kunna bidiyon, mai shari'a ya dubi kafinta, wanda ke tsaye da hannu a rataye, ya ce in yana so a fita da shi har a gama, kotu ta ba shi dama. Matarsa tana daga baya tana yi masa alama ya fita. Kafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, gari duka ya kalla. Ni kaɗai ne ban gani ba. A bar ni."

A tsaye ya kalla. Ya ga marinsa, ya sunkuyar da kai. Ya ji muryar mai kanti tana cewa a ɗauko katan, wadda ranar bai ji ba saboda duka, sai ya ɗago. Da aka zo wurin kukan ba wanda ya yi dariya, wata mata ma tashi ta yi ta fita. Kotu ta wanke shi daga sata. A kan marin kuwa mai shari'a ya yi masa faɗa ya ja masa kunne. Maganar mai kanti da masu gadinsa ta koma wata shari'ar daban.

Akwai abin da ya biyo baya wanda ko matar kafinta sai daga baya ta ji shi. Da aka gama shari'a, Sai-Na-Gani ta koma bin guntayen bidiyon nan duk inda suka maƙale a intanet, tana haɗawa da hukuncin kotu tana neman a cire. Ba aikin ofis ba ne, ba wanda ya sa ta. Ba ta gama da su duka ba, ta kuma ce ba mai iya gamawa, amma ta rage. Na tambayi matar kafinta ko ta janye Allah ya isan nan. Ta ce ta janye tun a kotu, sai dai har yau in ta hango Anti gabanta faɗuwa yake yi. Su biyun ba su sake zama sun yi maganar ba.

Anti, mun gode. Ke ce kika zauna a bayan labule kina kallon abin da mu muke kawar da kai daga gare shi, kika koma gida da shi a ido, har maigidanki ya ce kin daina zama gaban talabijin. Ke ce aka kira 'yar leƙen asiri, aka kira wadda aka saya, kika haɗiye. Rumbun wanda ba shi da shaida, Allah ya ba ki hutu mai amfani, ya sanyaya miki idon nan da ya ga abin da ya gani. Wadda za ta gaji kujerarki, ina roƙonta ta gaji taurin kan, ta ɗan ƙara da lallashi. Mu kuma sauran jama'a, in irin wannan ta faɗa wa ɗan'uwanmu, mu danne zuciya. Kada mu yi gaggawar sa a goge, kada mu je ƙasan bidiyo muna zagi muna farkar da mai laifi, kada mu gutsure mu bar abin da ya yi mana daɗi. Mu fara neman irin su Anti tukuna.

Kafin in rufe wannan rubutu na je wurin kafinta. Hannun bai koma yadda yake ba, yanzu awo yake yi yana nuna wa wasu su yanka, amma ana kiransa aiki a gidaje, har a fita a bar masa makulli. Na ce masa Anti za ta yi ritaya, ko yana da saƙo. Ya daɗe yana kaɗe garin katako daga wandonsa, sannan ya ce:

"Ka gaya mata ran da muka dawo daga kotu, 'yata babba ta kawo mini ruwa ta tsaya. Ta ce, Baba, da gaske ka mari mutumin nan? Na ce da gaske. Ta ce, da gaske ka yi kuka? Na ce na yi. Ta ce, to katan ɗin fa? Na ce ban ɗauka ba. Ta dube ni, ta ce ta yarda. Ranar a tsakar gida na ci abinci."